Ka Ƙera Sabon Abu, To Ta Ina Za Ka Fara Sayarwa? Hanyoyi Biyar a Kan Sikeli

Na daɗe ina koya wa samari aikin ƙarfe da haɗa wayoyin sola a karkarar gabashin Kano, kuma akwai tambayar da kusan kowane mai basira a cikinsu yakan zo mini da ita a ƙarshe. Yaro zai shafe wata biyu yana fama da injin ɓarar gyaɗa na hannu, ko murhu mai tsimin itace, ko akwatin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da batir. Ranar da abin ya yi, sai ya zo ya durƙusa ya ce, "Malam, ya tashi. Yanzu yaya zan yi da shi?" Wani abokinsa ya ce masa ya kai kasuwa, kawunsa ya ce ya bar wa mai shago, wani Alhaji kuma ya aiko cewa yana so su haɗa gwiwa. Wannan rubutu domin irin wannan yaron ne, da 'yan uwansa mata masu irin basirarsa, da malamai da iyayen da ake zuwa neman shawara wurinsu.

Kafin komai, lissafin uwar kuɗi

Duk hanyar da za ka bi, in ba ka san nawa abin ya ci ba, tafiyar makaho kake yi. Ɗalibina na farko da ya sayar da injin ɓarar gyaɗa ya dawo yana murna, muka zauna da biro da takarda, sai muka tarar kuɗin ƙarfe kawai ya lissafa. Kuɗin motar da ya kai shi Ƙofar Ruwa sayen kaya bai sa ba, man janaretan mai walda bai sa ba, kwanakin da ya yi yana aiki kuwa ko tunaninsu bai yi ba, don a ganinsa guminsa kyauta ne. Na ji zafin abin ƙwarai, domin laifina ne da na koya masa yankan ƙarfe ban koya masa wannan ba.

Ga misali, lambobin na ƙaddara su ne, kai ka sa naka. Ƙarfe, boris, noti da fenti, naira 60,000. Walda da mai, 10,000. Mota da dako, 5,000. Ladan aikinka na kwana uku, 15,000. Sai ka ware 5,000 domin gyaran da za ka yi wa mai saye kyauta idan wani abu ya saki a watannin farko. Jimilla 95,000. In ka sayar 120,000, ribarka 25,000 ce. Riƙe wannan lissafi, za mu yi ta dawowa kansa. Kuma ka sabunta shi duk lokacin da za ka sayi kaya, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin ƙarfe da na mota ba sa zama wuri ɗaya.

Abubuwan da za mu auna da su

Na farko, kuɗi: nawa za ka zuba kafin ka fara, kuma yaushe za su dawo aljihunka. Na biyu, ɗorewa: shin hanyar za ta ci gaba da kawo ciniki baɗi da baɗin baɗaɗa, ko ta kaka ɗaya ce. Na uku, sauƙi, ga yaron da ƙila yana makaranta ko yana taya mahaifinsa noma. Na huɗu, haɗari: bashi, lalacewar kaya, kwaikwayo, ɓacin suna.

Akwai na biyar da ba a cika ambata ba, ni kuwa shi na fi ba nauyi: shin hanyar tana bari ka ji bakin mai amfani da kayan? Sabon abu bai taɓa fitowa cikakke a ƙirar farko ba. Injin gyaɗar da na ambata yana ɓara da kyau a wurin aikinmu, amma da aka zuba masa wani iri mai ƙananan ƙwaya sai rabi ya riƙa wucewa da ɓawonsa, da aka matse raga kuma ya kama fasa manyan. Manomin da ke son iri ba ya yarda da fasasshiyar ƙwaya, mai ƙuli-ƙuli kuwa ba ta damu sosai ba tun da niƙawa za ta yi. Wannan ilimi ba ya cikin kan mai ƙira, yana wurin masu aiki da abin. Hanyar da ta raba ka da su a shekarar farko ta cuce ka, ko da ta kawo kuɗi.

Hanya ta ɗaya: ka ɗauka ka kai kasuwa da kanka

Kasuwannin mako suna kewaye da mu: Wudil ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis, Ɗambatta da Gujungu ranar Lahadi, ga ƙanana da ke ci a kusan kowace gunduma. Kuɗin farawa shi ne na ƙera guda biyu ko uku, da kuɗin mota, da abin da ake biya na wurin zama. Riba duka taka ce, kuma a hannu.

Sai dai sabon abu ba ya sayar da kansa yadda tiyar gero take yi. In ka ajiye shi ka zauna, za a taru a kalla a watse. Dole ka tafi da rabin buhun gyaɗa ka riƙa ɓarewa a gaban jama'a, ka miƙa wa dattijo hannun injin ya juya da kansa, gani ya kori ji. Mai murhu ya tafi da tukunya biyu da itace daidai wa daida, ya dafa a murhun duwatsu uku da kuma nasa, kowa ya ga wanda ya rage itace. Ka gaida Sarkin Kasuwa kafin ka shimfiɗa kaya, ka nemi ɗan gari ya tsaya maka, kuma kada ka sa rai da ciniki a zuwan farko. Mutumin karkara yakan ga abu yau, ya yi shawara da gida, ya dawo mako mai zuwa ya duba ko kana nan. Dawowarka wuri ɗaya mako bayan mako ita ce shaidarka.

Tayi shi ne inda yara suka fi faɗuwa. Babban mutum sa'an mahaifinka zai taya 80,000 ya ce, "Haba ɗana, taimaka mana," kunya ta hana ka cewa albarka. Ka koyi faɗa cikin ladabi: "Baba, wallahi ko kuɗin ƙarfensa da aikinsa bai fito ba." Wanda ya san lissafinsa ba ya jin nauyin faɗin haka.

Haɗarinta kuɗin mota ne a ranar da ba ciniki, da jijjigar hanya da ke kwance noti. Kuma ba ta kai wa ga kowa. Da yawa daga masu sayen murhu da injin gyaɗa matan aure ne masu sana'a a cikin gida, ba sa zuwa kasuwa. Wurinsu mahaifiyarka ko yayarka ta fi ka iya talla, a gidan suna ko wurin adashi.

Hanya ta biyu: ka bar wa mai shago ko dillali

Ana ajiye kaya, in an sayar a cire la'ada a ba ka naka. Ita ce mafi sauƙi, kuma ita yara suka fi so don ba sai sun buɗe baki ba. A lissafinmu, in la'ada ta zama kashi 10 cikin 100, 12,000 ta tafi, ribarka ta koma 13,000, kuma uwar kuɗinka tana kwance a shagon wani ba ka san ranar tashinta ba. Wani ɗalibina ya bar murhu uku a wani shago, wata biyar suna bayan buhunan siminti, da ya je ɗauka ɗaya ya yi tsatsa, ɗaya kuma an ce an ba wani bashi.

Ban ce masu shago mugaye ne ba. Mai shago yana tura abin da mutane suka riga suka sani, ba shi da lokacin yi wa kowa bayanin sabon abu. Wannan hanya tana da kyau ga kayan da ya riga ya yi suna har ana zuwa tambayarsa. Ga kayan da ba a sani ba, ni ban ba da shawararta ba. In dole ta kama, a rubuta adadi da farashi da ranar lissafi, a sa shaidu, a kuma rubuta cewa bashin da mai shago ya bayar a wuyansa yake. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarci a rubuta bashi, don haka ba rashin yarda ba ne ka fito da takarda.

Hanya ta uku: ka riƙe injin, ka sayar da aikinsa

A nan zan daɗe, domin ita ce aka fi rainawa kuma ita ta fi fitar da yara kunya. Manomi mai buhu goma sha biyar na gyaɗa a shekara ba zai cire 120,000 ya sayi injin da zai yi masa aikin kwana biyu ya koma ɗaki ba. Amma zai biya kuɗin ɓarar kowane buhu da murna. Ba baƙon tsari ba ne a wurinmu: haka mai injin niƙa yake ci, haka masu injin casar shinkafa a Kura da Haɗeja, haka masu sussukar masara da ke bin gonaki da kaka.

Mu koma ga lissafi. A ce ana biyan 500 a buhu, ka ba mai taya ka 200, saura 300. Kana buƙatar buhu 317 kafin 95,000 ta dawo, wato kusan kwana 32 in kana samun buhu goma kullum. Bayan nan injin yana hannunka, kuma duk abin da ya shigo naka ne ban da gyara. Guda ɗaya tak ka ƙera, don haka jarin ya fi na kowace hanya ƙanƙanta in ban da oda.

Ribar da ta fi wannan ita ce kullum kana tsaye kan injin. Kai za ka ga boris ɗin da ke zafi, ka ga ragar da ke toshewa in gyaɗa ba ta bushe sosai ba, ka ji matar da ke cewa hannun ya yi mata tsawo. Cikin kaka ɗaya za ka gyara abin da wanda ya sayar ya tafi ba zai sani ba sai an dawo masa da kaya ana faɗa. Kuma masu saye daga nan suke fitowa. Wanda ya ga injin ya yi wata biyu yana aiki a ƙofar Mai Unguwa bai tsaya ba, shi zai zo da kansa ya ce a yi masa irinsa.

Tana da nauyinta. Aiki ne na jiki, kuma na lokaci: gyaɗa da kaka, busar da tumatir sai lokacin da ya yi yawa a Kadawa da Kwanar Gafan har farashi ya faɗi. Sauran watanni sai ka nemi abin yi, ko ka ƙera abu na biyu da ke da kasuwa da rani. Bashin 'yan uwa ma yana nan, "ɗana ɓare mini, in na sayar zan aiko." Ka tsayar da doka tun ranar farko: kuɗi, ko kwanon gyaɗa a madadinsu, kafin a ɗaure buhu. Karɓar amfanin gona a matsayin lada tsohuwar al'ada ce kuma ba wanda zai ji haushi. Shawarata kuma kada ka ba da hayar injin a tafi da shi ba ka wurin, sai ga wanda ka koya wa da hannunka. Wannan hanya ba ta dace da murhu ko fitila ba, abin da kowane gida yake so ya mallaka.

Hanya ta huɗu: oda da kafin alƙalami

Kana da guda ɗaya na nuni. Mai so ya ba da wani kaso, ka sayi kaya da shi, ka ƙera, ya cika ya ɗauka. Tela da kafinta haka suke yi, kuma malaman fiƙihu sun san cinikin sa a ƙera abu da sunan istisna'i, sai ka tambayi malamin garinku sharuɗɗansa. Gajeren bidiyo na injin yana aiki, a tura ta WhatsApp ko Facebook, yana iya kawo oda daga Gumel ko Birnin Kudu ba ka taka ƙafa ba, kuɗi su shigo ta asusu ko ta mai POS.

Jari kaɗan take ci, kaya kuma ba sa kwanciya. Haɗarinta yana kan sunanka. Ka karɓi kuɗi yau, ƙarfe ya tashi mako mai zuwa, ko buƙatar gida ta taso ka taɓa kuɗin mutane, shi ke nan an fara "gobe, jibi". A karkara labarin wanda ya ci kafin alƙalami yana riga shi isa kowace kasuwa. Don haka kafin alƙalamin ya kai kuɗin kayan aiki gaba ɗaya, a misalinmu 60,000 ko sama, ka sayo su cikin kwana biyu, ka faɗi ranar da ka tabbata za ka cika har da ƙarin kwanaki saboda rashin wuta. Kada ka karɓi oda biyar alhali uku kake iya yi a wata. Wanda yake nesa kuma, ka yi tunanin wa zai gyara masa. Ka yi amfani da boris da noti irin waɗanda ake samu a wurin kowane mai gyaran babur, ka haɗa masa da raga ta biyu.

Hanya ta biyar: haɗa gwiwa da mai jari ko babban mai ƙira

Ko dai mai kuɗi ya zuba jari kai ka yi aiki, ko babban wurin walda a birni ya riƙa ƙerawa yana ba ka wani abu a kan kowane guda. Na farkon shi ne ƙiradi a fiƙihunmu: ana raba riba bisa kason da aka amince, rabi ko sulusi, ba wani adadi tsayayye ba, in kuma an faɗi ba da sakacin mai aiki ba, asarar kuɗi ta mai jari ce, mai aiki ya yi asarar guminsa. Yara da yawa ba su san wannan ba, sai su sa hannu a kan abin da bashi ne aka sa masa rigar haɗin gwiwa.

Ita ce hanyar da za ta iya kai kayanka inda ƙafarka ba za ta kai ba, ita ce kuma mafi haɗari ga wanda bai san darajar abinsa ba. Yaron da bai taɓa sayar da ko guda goma ba, da me zai yi ciniki? Duk abin da aka ba shi zai ga ya yi yawa. In ka zo da littafin da ke nuna buhu nawa injin ya ɓare da mutum nawa suka saya, maganarka ta yi nauyi.

| Hanya | Jari | Dawowar kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari | Jin bakin mai amfani |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Kasuwa da kanka | Matsakaici | Nan take in an saya | Mai kyau in ka jure | Da wahala | Kuɗin mota, karya farashi | Sosai |
| Mai shago | Mai yawa | A hankali | Sai kaya ya yi suna | Mafi sauƙi | Kwanciyar kaya, bashi | Kusan babu |
| Sayar da aiki | Kaɗan | Kullum, kaɗan-kaɗan | Mai kyau, amma na lokaci | Aikin jiki | Bashin 'yan uwa, lalacewa | Fiye da kowace |
| Oda | Mafi ƙanƙanta | Kashi biyu | Gwargwadon cika alkawari | Matsakaici | Ɓacin suna | Matsakaici |
| Haɗin gwiwa | Na wani | Bayan lissafi | Gwargwadon yarjejeniya | Sauƙi a farko | Rasa ikon abinka | Kaɗan |

Maganar kwaikwayo da takardu

"Malam, in na fito da shi za a kwaikwaya." Za a kwaikwaya, mai walda mai ido yana iya ɗaukar ƙirar a kallo ɗaya. Dokar Najeriya ta 1970 kan mallakar ƙirƙira tana ba da kariya ta shekara 20, ana biyan kuɗi duk shekara, ana kuma yin rajistar a Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci. Sharaɗinta shi ne abin ya zama sabo, ba a riga an bayyana shi ga jama'a ba kafin a shigar da takarda. Ke nan in ka tabbata ka zo da dabarar da babu irinta, ka nemi NOTAP, hukumar gwamnati mai taimaka wa masu ƙirƙira wajen yin wannan rajista, ko cibiyar renon fasaha ta gwamnatin tarayya da ke Kano kafin ka kai kasuwa ko ka saki bidiyo. Amma gaskiyar da nake gaya wa ɗalibaina ita ce yawancin abin da muke ƙerawa gyara ne a kan abin da aka sani, kuma ko ka samu takarda, bin mai kwaikwayo kotu ya fi ƙarfin aljihunka. Abin da ya fi kare ka shi ne suna da lambar waya da ka buga a jikin ƙarfen, da zuwa gyara in an kira ka. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tana ba ka damar buɗe asusu da sunan sana'ar. In abin ci ne ko sabulu ko man shafawa, NAFDAC ta shigo ciki tun kafin ka fara rarrabawa. Injinan noma kuma akwai cibiyar NCAM a Ilori da ke gwada su, abin da zai yi amfani ranar da za ka nemi sayar wa ƙungiya ko hukuma.

To wa ya dace da wace?

In abinka mai tsada ne kuma ana buƙatarsa kwanaki kaɗan a shekara, kamar injin ɓara, na sussuka ko na busarwa, fara da sayar da aikinsa kaka ɗaya cur, sannan ka buɗe oda ga waɗanda suka gani da idonsu. Wannan haɗin shi na fi ba ɗalibaina, musamman marasa jari.

In ƙaramin abu ne da kowane gida zai iya saye, murhu, fitilar sola, mazubin ruwan kaji, kai kasuwa da kanka, ka zaɓi guda ɗaya ka lizimce ta, ka sa matan gidanku su riƙe ɓangaren cikin gida da ladansu. Sai ranar da aka fara tambayar kayan da sunansa za ka kai wa mai shago.

'Yar makaranta ko matar aure da ba ta da damar yawon kasuwa, oda ta fi mata, da wani muharrami amintacce mai kai kaya da karɓo cikon kuɗi. Ɗalibin da ke tsakiyar karatu ma haka, ya taƙaita odar ga lokacin hutu.

Mai akwatin ƙyanƙyasa yana tsakiya: ya fara da karɓar ƙwai yana ƙyanƙyashewa a biya shi, ko ya sayar da 'yan tsaki. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo kusan 28, don haka cikin 'yan watanni zai tara shaidar zagaye da yawa kafin ya sa wa akwatin kansa farashi.

Haɗin gwiwa kuwa na wanda oda ta fi ƙarfin hannunsa ne, yana mayar da masu saye don ba shi da kuɗin ƙarfe ko wurin aiki. Shi ma ya je da littafin cinikinsa, da wani babba nasa da ya san kasuwa, a rubuta wa ke da ƙirar, kason kowa nawa ne, da yadda za a rabu in zama ya ƙi. Kowace ka zaɓa, ka daidaita fitowarka da lokacin da kuɗi ke hannun manomi: bayan girbin kaka, ko bayan an kwashe amfanin rani a yankunan noman ban-ruwa. Da bazara da farkon damina kuɗin kowa yana wurin taki da iri, sai ka yi amfani da watannin wajen gyara ƙira da tanadin ƙarfe.